Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni nawa Abuja ta biya ni

Assalamu alaikum Alhaji,

An turo min shirin da ka yi a rediyo inda ka kama sunana ka ce in fito in gaya wa Kanawa nawa Abuja ta biya ni da nake cewa hukumomin jiha su riƙa aiki tare da na tarayya kan tsaftar ruwan sha, wai ko ƙudirin dokar albarkatun ruwan nan, da ake zargin zai ba tarayya iko da ruwan jihohi, shi nake so a dawo da shi ta bayan fage. To ga ni na fito.

Maganar ƙudiri ba zan ja ta ba, majalisar dattawa ta yi watsi da shi tun 2023, kuma ni ban taɓa cewa a karɓe rijiyar kowa ko gaɓar kogin kowa ba. Abin da ya ƙona min rai zancen kuɗin ne. Alhaji ni duba-gari ne har na yi ritaya, unguwannin da na yi aiki suna nan, ka je ka tambayi masu unguwanni ko akwai mai kamfanin fiya wata da ya taɓa cusa min kwabo na kau da kai. Ka girme ni ba zan gaya maka magana ba, amma wallahi ƙazafi ka yi min, kuma 'ya'yana sun ji shi a rediyo. Na san lokacin siyasa duk wanda ya zagi Abuja ana tafa masa, to ka nemi tafin ba da mutuncina ba.

Yanzu ka saurari abin da na ce ɗin. Ruwan da ke fitowa daga kamfanonin fata na Sharaɗa da Challawa, da warinsa da kemikal ɗin jima irin su kuromiyam, kogin Challawa yake faɗawa, shi kuma ya haɗu da kogin Kano ya wuce Wudil ya zama kogin Haɗeja, ya ratsa Jigawa ya shiga Yobe har tafkin Chadi, to don Allah wane kwamishina ne a Kano yake da ikon bin wannan ruwan har Gashuwa? Na Bompai kuma ta Getsi yake shiga Jakara ya tafi dam ɗin Wasai, ka tsaya a bakin Jakara da rani ka ga ruwa baƙi ƙirin yana kumfa, ga injin ban ruwa yana zuƙarsa zuwa kan latas da kabeji, washegari suna kan faranti a kasuwa. Hukumar NESREA ta tarayya mai kula da dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, ita ke da ƙa'idar abin da kamfani zai iya zubarwa, amma filin da kamfanin yake kai da izinin gini da ma'aikatan da ke yawo cikin unguwa kullum duk na jiha ne. Ɗaya na da doka ba isassun ma'aikata, ɗaya na da ma'aikata ba kayan gwaji, mai kamfani kuwa ya san haka sarai, in wannan ya zo ya nuna masa takardar wancan.

Haka fiya wata. NAFDAC ke ba da lambar da ake bugawa a jikin leda, SON, hukumar tarayya mai kula da ingancin kayayyaki, ta fitar da ma'aunin ingancin ruwan sha tun 2007, duk da kyau. Amma na sha shiga gidan da ake ɗura ruwa in tarar da bohol ɗinsu taku kaɗan ne tsakaninsa da sokawe, matatar ta yi kore, yaro na ɗaure buhu ƙafarsa cikin taɓo, in na yi magana a nuna min lamba a ce su da tarayya suke hulɗa. Ni ba ni da jerin sunayen waɗanda aka yi wa rajista balle in san ta gaske ce ko ta bogi, su kuma masu jerin ba su san lungun ba.

Kuma ka tuna Zamfara a 2010, gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara wajen 400, ta shiga ƙasar gidaje da kududdufai. Ma'adinai na tarayya ne, lafiyar ƙauye ta jiha ce, aka tsaya kallon juna, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na jira a share gubar daga ƙauyen Bagega kafin su fara ba yara magani, kuɗin sharar bai fito ba sai 2013. A 2021 amai da gudawa ya kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, akasari a arewa. Su waye suke mutuwa? Masu sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ne, ba masu shan na gora ba.

Abin da nake nema ba boyayye ba ne, NAFDAC ta ba kowace ƙaramar hukuma jerin kamfanonin ruwan da ta yi wa rajista, NESREA da ma'aikatar muhalli ta jiha su riƙa fita duba kamfanoni rana ɗaya a mota ɗaya, a kuma riƙa bayyana wa jama'a sakamakon gwajin ruwan famfo da na kogi. In kana da hujjar cewa an biya ni ka kawo ta gaban mai unguwarmu ko kotu, in babu ka janye maganar a inda ka yi ta.

Wassalam.