Zuwa ga Abba, kan karatun da ka zaɓa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso. Ka ce jami'a ta amince da abin da za ka yi digirinka na uku a kai, wato siyasar Yahudawan Isra'ila da zaman sulhu da yadda yaƙi ke ƙarewa, kuma kana so ka zauna a koyarwa. Da na faɗa wa mahaifiyarka sai ta yi shiru, can ta ce, "Duk ilimin duniya ya rasa na karantawa sai wannan?" A majalisa ma wani ya tambaye ni ko Yahudanci ka tafi koyo. Na tuna masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa. Bai ƙara cewa uffan ba. To kai ma ka koyi Ibrananci sosai, ka haɗa da Larabcin da ka fara tun a allo. Wanda ya dogara da tafinta, abin da aka ga dama a gaya masa shi zai sani.

Ga shawarata, ta tsohon malamin tarihi. Kada hoton musafaha ya ɗauke maka hankali. Ka bi kowane shugaba zuwa gidansa ka ga abin da ke jiransa.

Ina zaune a tabarma bayan isha'i, rediyo a kan cinyata, ranar 6 ga Oktoban 1981, na ji an harbe shugaban Masar Anwar Sadat yana kallon faretin soja a Alƙahira. Mutumin da ya je Ƙudus a 1977 ya yi jawabi a majalisar Isra'ila, ya yi kwana 13 ana zaman sulhu a Kam Debid ta Amurka tare da firaministan Isra'ila Menahem Begin da shugaban Amurka Jimi Kata a 1978, ya sa hannu a takardar da ta dawo wa Masar da Sinai. Sojojin ƙasarsa ne suka kashe shi. Bayan shekara 14 aka maimaita a ɗaya gefen. Firaministan Isra'ila Yizak Rabin, wanda ya yi musafaha da shugaban Falasɗinawa Yasir Arafat a fadar shugaban Amurka a Satumban 1993 wajen sa hannu a yarjejeniyar Oslo, Bayahude ɗan'uwansa ne ya bindige shi a Tel Abib ranar 4 ga Nuwamban 1995. Ka ga dai, da ɗan gari akan ci gari.

Shi ya sa nake so ka ƙware a lissafin majalisarsu. Kujeru 120 ne, kuma ba a taɓa yin zaɓen da jam'iyya guda ta samu 61 ita kaɗai ba. Dole firaminista ya yi haɗaka da ƙananan jam'iyyu, wasu na malaman addini, wasu na masu kafa matsuguni a ƙasar Falasɗinawa, kowacce da farashinta. Yarjejeniyar Kam Debid ta wuce da ƙuri'a 84 a kan 19, saboda 'yan adawa sun mara wa Begin baya. Kashi na biyu na yarjejeniyar Oslo kuwa da kyar ya sha a 1995, ƙuri'a 61 a kan 59. Daga waɗannan alƙaluma kaɗai mai hankali zai iya hango wadda za ta yi ƙarko. Kuma wanda ya san haka ba zai riƙa cewa "Yahudawa sun ce" kamar baki ɗaya gare su ba. Idan ka rubuta haka a kundinka, ni da kaina zan ja maka jan biro.

Ka kula da kalmomi. Ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 242 na 1967, har yau ana jayayya ko duk yankunan da Isra'ila ta mamaye a yaƙin shekarar za ta bari ko wasu daga ciki, domin rubutun Ingilishi da na Faransanci ba su zo daidai ba. Mu ma mun ɗanɗana a wannan shekarar: Gowon da Ojukwu sun tashi daga zaman sulhu a Aburi ta Ghana kowa da tasa fassarar, yaƙin basasa ya ɓarke, sai Janairun 1970 bindiga ta yi shiru.

Na san zuciyarka tana tare da Falasɗinawa, tawa ma haka, ba na ce ka ɓoye ba. Amma in hujja ta saɓa wa abin da kake so, ka rubuta hujjar. Za a zage ka a Facebook, wasu su ce an saye ka, wasu can su ce ƙiyayya ce ke magana. Kada ka tanka da dare, ka bari sai ka yi sallar asuba. Kuma duk wanda zai ba ka kuɗin bincike, ka fara tambayar abin da yake so ya gani a ƙarshe.

Albashin malamin jami'a ka san shi, ba sai na faɗa ba.

Mahaifiyarka ta huce. Ta daka maka yaji, ga kilishi kuma, muna jiran mai tafiya. Ta ce ka kira ta ranar Juma'a ka yi mata bayanin karatun da bakinka, nawa bayanin bai gamsar da ita ba. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.