Wasiƙa Daga Landan Zuwa Ga Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da Inna da dukan mutanen gida. Ni ma lafiya lau nake, sai dai hunturu, domin a wannan wata na Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, har azahar da la'asar da magariba su zo kusan a jere.

Na rubuto ne in amsa tambayar da kuka aiko ta bakin Yaya, cewa wane irin karatu ne wannan da ba ya mai da mutum likita ko lauya. Fannin nazarin ɗan Adam ne da al'adunsa, wato yadda jama'a ke tafiyar da aure da gado da ciniki da sarauta. Ba a tsayawa ga littafi kaɗai, tilas mai bincike ya tare cikin mutane shekara guda ko fiye, ya ji harshensu, ya ci abincinsu, yana rubuta abin da ya gani da idonsa.

Abin da zai ba ku mamaki, Baba, shi ne yawan abin da baƙi suka rubuta a kanmu. A Giwa, nan kusa da gida, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, daga 1949 zuwa 1950, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'i. Haka nan Abner Cohen, wanda ya koyar a makarantarmu ta SOAS, ya zauna a unguwar Sabo da ke Ibadan ya yi nazarin fataucin goro da shanu, ya nuna yadda maigida ke saukar da fatake, ya tsaya musu a kan bashi, dukiya mai yawa tana yawo bisa amana ba tare da takarda ba. Aikinsa ya yi kyau ƙwarai, amma an buga shi tun 1969, kafin wayar hannu da tura kuɗi ta banki su shiga kasuwa, kuma a ganina ɗan gida da ya tashi yana jin hirar fatake zai ji abin da ba a faɗa wa baƙo.

Saboda haka nake roƙon ku yi magana da Kawu na Sabo, ko zai yarda in sauka wurinsa idan Allah ya sa na samu gurbin digiri na uku. Ku tabbatar masa cewa ƙa'idar aikin ta hana a ɗauki maganar kowa sai da yardarsa, kuma ana sakaya sunaye, don kada abokan cinikinsa su ɗauka ɗan leƙen asirin masu haraji ya kawo musu.

Digiri na biyun nan shekara ɗaya ne. Biza ta yarda mini aikin awa 20 a mako lokacin karatu, da shi nake rage kuɗin haya. Game da maganar iyalina da Inna ta tayar, tun Janairun 2024 doka ta hana masu irin kwas ɗina kawo matansu, amma ta bar wa masu digirin bincike ƙofa, don haka a ba ta haƙuri tukuna.

A gaishe mini da Inna da Gwaggo da yara duka. Ina jiran amsar Kawu, kuma ina neman addu'arku.

Ɗanku mai biyayya.