Shekarun Obama a majalisar jiha sun cancanci shiri na kansu

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na saurari shirinku kan tarihin Barack Obama, kuma na yaba ƙwarai, sai dai kun wuce shekarun da ya yi a Majalisar Dattawan jihar Illinois, daga 1997 zuwa 2004, da jimla ɗaya tak, alhali a ganina a nan ne ilimin lauyancinsa ya fi amfanar talaka.

Ya kammala karatun shari'a a Jami'ar Harvard a 1991, ya koma Chicago, inda ya yi aiki a wani ƙaramin ofishin lauyoyi mai kare haƙƙin jama'a, yana kuma koyar da dokokin tsarin mulki a Jami'ar Chicago. Da wannan guzurin ya ci zaɓen 1996, ya wakilci mazaɓa ta 13 da ke kudancin birnin.

Abin da na fi so ku tsaya a kansa shi ne dokar 2003. A wancan lokaci jihar tana cikin abin kunya, domin an wanke mutum 13 da aka riga aka yanke wa hukuncin kisa, har Gwamna George Ryan ya dakatar da zartar da hukuncin a 2000. Zargin azabtar da waɗanda ake tuhuma a ƙarƙashin wani kwamandan 'yan sandan Chicago, Jon Burge, don tilasta musu amsa laifi, ya daɗe yana yawo. Obama ya jagoranci ƙudurin da ya wajabta naɗar tambayoyin da ake yi wa wanda ake tuhuma da kisan kai, ta yadda kotu za ta iya yin watsi da ikirarin da ba a naɗa ba. 'Yan sanda da masu gabatar da ƙara sun ƙi amincewa da farko. Bai fita yana zaginsu a bainar jama'a ba, zama ya yi ta yi da su yana gyara kalmomin ƙudurin, yana nuna musu cewa faifan da zai kare mara laifi shi ne zai toshe bakin mai laifin da ya zo kotu ya ce dukansa aka yi. Ƙudurin ya wuce, aka sa masa hannu a shekarar. Wannan aikin lauya ne wanda ya san yadda shaida ke rushewa a gaban alƙali.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayyar Najeriya ta 2015 ta yi tanadin naɗar ikirarin wanda ake tuhuma, kuma jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari. Duk da haka, wanda ke zama a kotunanmu ya san yadda ake ɓata watanni a ƙwarya-ƙwaryar shari'a kan ko da son ransa mutum ya dangwala yatsa a takardar bayani, saboda babu faifai.

Ina roƙon ku gayyato lauyoyin da ke majalisun dokokin jihohinmu, ku tambaye su ko sun ware kuɗin sayen na'urorin naɗa ga ofisoshin bincike a kasafin bana.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya