Maik mai tiyub ba a yi masa gaggawa

Assalamu alaikum Malam Edita, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu aikin ɗaukar murya, musamman matasan da suka fara haɗa situdiyo, a kan maik mai tiyub. Abun yana damuna gaskiya, domin kaya ne mai kyau kuma mutum sai ya daɗe yana tari kafin ya mallake shi, amma da yawa in sun samu sai su riƙe shi yanda suke riƙe sauran maik, a jona a kunna a ce wa mawaƙi bismillah, toh daga nan ne matsala take farawa, ko dai sautin ya ƙi fita yanda ake so ko kuma a kashe kayan gaba ɗaya.

Maik mai tiyub nau'in maik na kondensa ne, kuma kowane maik na kondensa a cikin kansa akwai wata fata siririya sosai, a yawancinsu an shafa mata ruwan zinare kuma kaurinta bai wuce maikiron 6 ba (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), ita ce take rawa in murya ta doke ta. Sautin da take bayarwa ba shi da ƙarfin da zai iya bin doguwar waya, dole sai wani abu ya karɓe shi a nan cikin maik ɗin ya ba shi ƙarfi. A maik na zamani tiransista ce take wannan aikin, a wannan kuma kwalba ce 'yar ƙarama mai zare a ciki, ita ce ake kira tiyub, irin bawul ɗin tsofaffin rediyo, kuma ba ta aiki sai zaren ya yi zafi. Fasahar tsohuwa ce, tun 1906 Lee de Forest ya fito da tiyub mai ƙara ƙarfin sigina a Amurka, a 1928 kuma Georg Neumann ya fara ƙera maik ɗin kondensa na sayarwa a Balin ta Jamus. Bayan yaƙin duniya na biyu aka samu maik samfurin U47 na Neumann mai tiyub ɗin VF14 na Telefunken, sai C12 na AKG daga Ostiriya a 1953, sai U67 a 1960. Da tiransista ta samu gindin zama Neumann ya fito da U87 a 1967, aka ɗauka zamanin tiyub ya wuce, amma kunnen masu aiki bai yarda ba. Tiyub in ya ɗan ji nauyi ba ya fasa sauti farat ɗaya, yana ɗan lanƙwasa shi a hankali ya ƙara masa wani kauri mai daɗi, ga kuma tiransifoma da yawancinsu suke da ita a mafita, ita ma tana sa nata hannu. Shi ya sa har yau ake ƙera su.

Abu na farko da nake so kowa ya riƙe shi ne wannan maik ɗin ba ya cin fantom. Wutar nan ta bolt 48 da ake dannawa a saund kad (na'urar da take shigar da sauti cikin kwamfuta) ko miksa ba tasa ba ce, a bar ta a kashe. Shi da akwatin wutarsa yake zuwa, akwatin ne yake ba zaren tiyub ɗin 'yar wuta kamar bolt 6 domin ya yi zafi, sannan ya aika wata babbar wuta da ta haura bolt 100, a wasu ma ta haura 200. Duk wannan a cikin kebul ɗaya yake tafiya tare da sautin, shi ya sa za ka ga bakin kebul ɗin yana da allurai da yawa, yawanci 7, ba 3 ba irin na XLR da aka saba. Kuma don Allah a kula, don kebul ɗin wani kamfani ya shiga ramin maik ɗinka ba yana nufin tsarin allurarsu ɗaya ba ne, kowane kamfani da yanda ya jera nasa. In ka ari akwatin wani ko kebul ɗin wani, babbar wutar nan tana iya faɗawa inda ƙaramar ya kamata ta je, shikenan tiyub ya ƙone nan take. Kowane maik da akwatinsa da kebul ɗinsa, ba a aro ba a musaya.

Kafin ma ka sa filogi a bango ka juya bayan akwatin ka duba. Da yawa suna da ɗan maɓalli na zaɓin bolt 115 ko 230, saboda wutar Amurka kusan 120 ce, ta Turai da mafi yawan ƙasashe kuma 220 zuwa 240. Wanda ya sayi na hannu daga ƙasar da take amfani da 120 ya jona a 230 bai duba ba, in ya yi sa'a fiyus ne kawai zai tafi.

Sai tsarin jonawa, kuma wallahi nan ne aka fi ɓarna. Akwatin yana kashe za ka fara ɗora maik ɗin a kan sandarsa, ka jona kebul mai allurai da yawa daga maik zuwa akwati, ka tabbata ya shiga daidai ya kulle ba tare da ka tilasta masa ba, sannan ka ɗauko XLR daga akwati zuwa saund kad, ka sauke gen (maɓallin ƙarfin sautin da yake shiga) ƙasa ka rufe sifika, sai a ƙarshe ka kunna akwatin. Kada ka taɓa cusa ko zare wannan kebul ɗin akwati yana kunne. Bayan ka kunna sai haƙuri. Cikin minti ɗaya za ka fara jin sauti, amma wannan ba shi ne sautinsa na gaskiya ba, kamar injin mota ne da safe, ya tashi amma bai gama ɗumi ba. Ka ba shi minti 15 zuwa 30. In ka ɗauki baiti na farko yana sanyi ka ɗauki na biyu bayan ya yi zafi, wajen haɗawa za ka ji muryar ta bambanta kuma ba wani EQ (abun gyara kauri da kaifin sauti) da zai daidaita maka ita tsaf. Ni dai abun da nake yi shi ne maik ɗin nake fara kunnawa da na shiga, kafin in buɗe kwamfuta in shirya kiɗa in gaisa da mai waƙa ya gama shiryawa. In an tafi hutu na ɗan lokaci a bar shi a kunne, yawan kunnawa da kashewa ya fi gajiyar da zaren. In an tashi aiki kuma a sauke sauti, a kashe akwatin, a jira 'yan mintoci wutar da ta taru a cikinsa ta sauka tiyub ya huce, sannan a zare waya.

Za ka ga a manyan situdiyo ana rataye irin wannan maik ɗin kai a ƙasa, wasu suna ɗauka gayu ne. Dalilin shi ne zafi sama yake tashi, in tiyub yana ƙasa kai yana sama toh zafin kan fatar nan yake hawa, tsofaffin U47 kuwa fatarsu ta PVC ce wadda take bushewa ta tsage in ta tsufa. Na yanzu fatarsu ta fi juriya, ba dole ba ne, amma duk da haka ina son ratayewar saboda tana buɗe wa mawaƙi fuska ya ga takardarsa. Sony ma da suka yi C-800G a 1992 sai da suka maƙala masa abun sanyaya tiyub a baya, ka ga zancen zafi ba wasa ba ne. Abun da ya zama dole shi ne sanda mai nauyi da ba za ta kife ba, da gidan nan mai robobi da ake rataye maik a ciki, domin tiyub yana ɗaukar girgiza, takun ƙafa ma sai ka ji shi a rikodin.

Kada a ɗauki murya ba fof filta, wato ragar nan da ake sawa tsakanin baki da maik. Ba don iskar "p" da "b" kaɗai ba, tururin baki da yawu suna sauka a kan fatar, ƙura ta manne, wata rana ka fara jin tsar-tsar ko sautin yana ɗaukewa yana dawowa in mutum ya matso. Tazarar baki da maik kamar santimita 15 zuwa 20 ta isa a fara da ita. In mutum ya matso bas yana ƙaruwa, mai siririyar murya zai amfana, mai kaurin murya kuma sai ta cushe, ka ɗan ja shi baya. A tabbata gaban maik ɗin ake fuskanta, wato gefen da tambarin kamfani yake, ba samansa ba. Waɗanda ake canza musu yanayin ɗauka kuwa a jikin akwatin wuta maɓallin yake yawanci, akwai mai ɗaukar gaba kawai wanda shi ake sa wa murya ɗaya, akwai mai ɗaukar kowane gefe, akwai mai ɗaukar gaba da baya wanda yake da daɗi in mutum biyu za su yi amshi suna kallon juna.

Wajen gen, wasu suna cika shi wai don tiyub ya yi zafi ya ba da kauri. Gen ɗin saund kad bai taɓa tiyub ɗin ba ko kaɗan, tiyub yana can cikin maik ya riga ya gama nasa aikin. In kana ɗauka a 24 bit ka bar muryar tana yawo wajen -18 dB a ma'aunin sauti, in mawaƙi ya ɗaga ta kada ta wuce -6, ka huta da fashewar sauti.

In ka ji gurnani a ƙasan sauti, yawanci na wutar gida ne, 50 ko 60 Hz. Ka nisantar da akwatin da kebul ɗin daga caja da sauran tiransifomomi, ka haɗa kayan duka a layin wuta ɗaya, in akwatin yana da maɓallin da aka rubuta wa "ground lift", mai raba wayar ƙasa ta layin sauti, ka gwada shi. Amma don girman Allah kada wanda ya karya ƙafar filogi ta uku don ya kashe gurnani, ita ce take kare ran wanda bakinsa yake dab da ƙarfe. Haka kuma buɗe akwatin ba aikin kowa ba ne, ko a kashe yake yana iya riƙe wutar da za ta yi wa mutum illa. Tiyub yana yin dubban awoyi kafin ya gaji, in ya fara za ka ji shuuu ta ƙaru ko yana ɗan ƙara kamar ƙararrawa in an taɓa jikin maik ɗin, lokacin sai a kai wa wanda ya san aikin ya sa irin lambarsa daidai, kuma wanda aka gwada aka ga ba shi da hayaniya, don ba kowane tiyub mai lamba ɗaya ne ya dace da maik ba. In an gama aiki ya huce a mayar da shi gidansa tare da 'yan ƙullin silika masu shan danshi.

Akwai magana ɗaya da na san ba kowa zai so ta ba. In ɗakinka yana amsa kuwwa, fanka tana kaɗawa, hayaniyar waje tana shigowa, wannan maik ɗin duk zai kwaso su tas, har ya fi mai arha kwasowa. Wanda yake wannan hali ni shawarata ya fara gyara ɗaki, ya sa abun shanye sauti mai kauri a bayan mawaƙi da kusurwoyi, ko ya yi aiki da maik ɗin dainamik mai kyau tukuna. Kuma ba kowace murya ce tiyub yake yi wa kyau ba, akwai muryar da in ka sa mata shi sai "s" ɗinta ta yi kaifi ta dame ka, dole a gwada da kunne kafin a yanke.

Malam Edita ina roƙo in da hali ku samo wani ƙwararren mai gyaran kayan sauti ya yi mana rubutu a kan yanda ake gane tiyub na gaske da na jabu, da abun da ya kamata mutum ya duba kafin ya sayi irin wannan maik ɗin na hannu, don masu tambaya a kan haka suna da yawa. Na gode da filin da aka ba ni, Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai aikin haɗa sauti