Ga amsar tambayarka, Malam: layi mai gudu ko data marar iyaka?

Assalamu alaikum.

Ranar da ka miƙe a ƙarshen taron nan ka jefo mini tambaya, lokaci ya riga ya ƙure, mai gabatarwa sai nuna mini agogo yake yi. Na ce maka "ya danganta", na koma na zauna. Na ga yadda ka ɓata fuska, kuma ban ga laifinka ba, don irin amsar da ake sallamar mutum da ita ce kawai. Tunda a gaban jama'a ka tambaya, bari in biya bashin a gaban jama'a.

Abin da ka ce shi ne, ga kamfanonin layi biyu, kuɗinsu na wata kusan ɗaya. Na farko yana tallar 5G mai gudun megabit 300 a daƙiƙa, amma gigabait 20 kaɗai zai ba ka. Na biyu 4G ne, ya ce datarsa ba ta da iyaka. Wanne ya fi? Har ka ƙara da cewa kai dai ranka ya fi kwanta wa mai gudun.

Mu fara da mai gudun naka, mu yi masa lissafi. Kamfanoni da megabit suke auna gudu, amma da megabait suke sayar da data, kuma bit takwas ne ke yin bait guda. Shi ya sa za ka ga Mbps da ƙaramin harafi a wajen gudu, MB da babban harafi a wajen data. Megabit 300 a daƙiƙa, in ka raba da takwas, ya zama megabait 37.5 a daƙiƙa. Da a ce layin zai yi gudun da aka yi maka alkawari ba tsayawa, gigabait 20 ɗin nan, wato megabait dubu 20, da minti tara ba su cika ba za su ƙare. Datar wata guda ke nan. An ba ka doki mai gudun tsiya, aka ce filin sukuwar iyakarsa tsakar gida.

Na san za ka ce ai ba wanda ke sauke kaya ba tsayawa haka. Gaskiya ne. Karanta labari ko tura saƙo ba ya ƙara cin data don layi ya ƙara gudu, nauyin shafin bai canza ba. Inda matsalar take shi ne bidiyo. Manhajojin kallo suna auna ƙarfin layinka da kansu, da zarar sun ga hanya a buɗe sai su ɗaga ingancin hoton ba tare da sun tambaye ka ba. Netflix, kamfanin kallon fina-finai ta intanet, da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya a matsakaicin inganci yana iya cin gigabait 1, a mai kyau har 3, a mafi kyau da ake kira 4K har 7. Ka ga gigabait 20 ba za su kai ka awa bakwai na kallo mai kyau ba. Wannan ne asalin kukan da mutane ke yi cewa tunda suka koma sabon layi datarsu ke zurarewa. Galibi ba sata aka yi musu ba, wayar ce ta samu sarari ta buɗe baki.

Abin dariyar kuma, shi wannan bidiyon bai buƙaci gudun da ake tallatawa ba. Netflix ɗin dai ya ce megabit 5 a daƙiƙa ya isa kallon hoto mai kyau, 15 ya isa 4K. A kan fuskar waya da ba ta wuce tafin hannu ba, da ƙyar idonka zai bambance su. To ragowar megabit 285 ɗin, me za ka yi da su? Suna da amfani ga wanda ke sauke manyan fayiloli kullum, ko gidan da mutum goma ke rataye a kan layi ɗaya. Ga mai waya ɗaya a aljihu, layin da ke riƙe megabit 10 zuwa 20 safe da yamma ba ya yankewa ya fi wanda ke kai 300 da asuba ya faɗi warwas bayan magariba.

Ka koma ka duba tallar da kyau, za ka tarar da wasu ƙananan kalmomi kafin lambar: "har zuwa". Wato iyakar abin da zai iya kaiwa ke nan in komai ya daidaita, ba abin da za ka riƙa samu ba. Ƙarfen sabis ɗin da wayarka ke magana da shi ba naka ba ne kai kaɗai. Ƙarfinsa rabawa ake yi tsakanin duk wanda ke ƙarƙashinsa a wannan lokacin, kamar famfo ɗaya da layin bokitai. Shi ya sa za ka ga sandunan sabis a cike amma shafi ya ƙi buɗewa: sandunan ƙarfin siginar da ke tsakaninka da ƙarfen suke nunawa, ba cunkoson da ke kansa ba. Sai kuma zangon da kamfani ke aiki da shi, wato mitar siginarsa, kamar ta gidan rediyo. Ƙananan zanguna irin megahaz 700 da 800 suna tafiya nesa, suna ratsa bango, amma ba su ɗaukar kaya da yawa. Manya irin 2600 ko 3500, inda akasarin 5G mai gudu yake, suna ɗaukar kaya sosai amma ba sa tafiya nesa, bango mai kauri ma yana rage musu ƙarfi. Za ka iya samun gudun mamaki a bakin titi, ka shiga ɗaki wayar ta koma 4G shiru.

Ita kanta alamar 4G ko 5G da ke saman waya kada ka ba ta gaskiya ɗari bisa ɗari. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta gindaya cewa 4G na haƙiƙa sai ya kai megabit 100 ga mai tafiya a mota, gigabit 1, wato megabit 1000, ga wanda ke zaune. Layin farko na sabuwar fasahar da ake kira LTE, wanda kamfanin TeliaSonera ya buɗe a Stockholm da Oslo a Disambar 2009 bai kai nan ba, amma 'yan kasuwa suka yi ta kiransa 4G, har a ƙarshen 2010 hukumar ta sassauta ta bar su da sunan. A 2019 kuma, shekarar da Koriya ta Kudu ta buɗe 5G ga jama'a, kamfanin AT&T na Amurka ya sa wayoyin masu layinsa suna nuna "5G E" alhali 4G ne aka ɗan inganta. Suna dai ba ya biyan kuɗin fito.

Akwai lambobi biyu da ba a cika sa su a allon talla ba, kuma su ne mai kiran bidiyo ya fi ji a jikinsa. Ɗaya gudun ɗorawa, wato yadda saƙonka ke fita, wanda kusan kullum ya gaza na saukewa nesa ba kusa ba. Ɗayan jinkirin amsa, lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In wannan ya yi yawa ko yana hawa da sauka, sai ka ji kuna katse juna a magana, ko da kuwa gudun saukewa ya kai nawa.

Kada ka ɗauka duk wannan yabon na biyun nake yi. Yanzu zan zo kansa, kuma a gaskiya shi ya fi ba ni tsoro.

Kalmar "marar iyaka" a harkar layin waya da wuya ka same ta tsirara. Kusan kullum akwai wata ƙa'ida a can ƙasan takarda da suke kira amfani bisa adalci: in ka kai gigabait kaza, ba za a yanke ka ba, amma za a shaƙe gudun. Sau da yawa ana mayar da mutum kilobit 128 ko 256 a daƙiƙa, alhali kilobit dubu ne ke yin megabit ɗaya. Kilobit 128 kilobait 16 ke nan a daƙiƙa, wato ko ka kwana kana saukewa, abin da za ka samu a awa bai kai megabait 60 ba. Saƙon rubutu zai wuce, muryar WhatsApp za ta lallaɓa, bidiyo kuwa sai dai ka yi ta kallon da'irar nan tana juyawa. Ba zargi nake yi ba, an taɓa zuwa kotu a kan haka. A 2014 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta maka AT&T a kotu bisa cewa yana rage wa masu data marar iyaka gudu, wasu tun daga gigabait 2 kacal, ba tare da ya fayyace musu ba. A 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 60. In haka ta faru a inda hukuma ke da haƙora, kai ma ka san sauran.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kamfani na biyu ita ce: gigabait nawa zan ci kafin ku rage mini gudu, kuma zuwa nawa za ku rage? In suka ce 15, to marar iyakar nan tasu ta gaza gigabait 20 na kamfanin farko, sai dai su ba sa rufe ƙofa gaba ɗaya. In suka ce 100, magana ta canza. Ka kuma tambaya ko an yarda ka raba datar zuwa kwamfuta ko wata wayar, don wasu suna ware wa wannan ɗan kaso kaɗan, wasu su hana sam. Wasu kuma suna ƙayyade ingancin bidiyo tun daga ranar farko.

Sai batun kuɗi, inda ka ce kusan ɗaya ne. Kuɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe ne kusan ɗaya. Abin da ya kamata ka raba shi ne abin da ya fita daga aljihunka a wata da gigabait ɗin da ka ci da gaske, ba wanda aka rubuta maka ba. In ka sayi 20 ka ci 8 wa'adi ya cika sauran suka ƙone, kowane gigabait ya tsaya maka ninki biyu da rabi. Don haka ka tambaya ko ragowar tana tsallakawa wata na gaba, da sharaɗin tsallakawar. In kuma datar ta ƙare kafin wata, me ke faruwa? Nan ne ramin ya fi zurfi. Wasu layukan tsayawa suke yi cak, wasu kuwa sai su juya kan kuɗin kiranka suna yanka a kan kowane megabait, a farashin da ya ninka na ƙunshin datar da ka saya sau da yawa, kai kana can kana kallo ba ka sani ba. Ka lura da ƙunshin da aka kumbura da "kyauta" wadda ba ta aiki sai tsakar dare ko sai a manhaja ɗaya, da wanda ke sabunta kansa ya ciri kuɗi ba sallama, da haraji in ba a haɗa shi a farashin ba, da tarar fita in yarjejeniyar shekara ce ko biyu.

In kana ƙetare iyakar ƙasa da layinka, wannan babi ne mai zaman kansa. Tarayyar Turai ta soke ƙarin kuɗin yawo da layi tsakanin ƙasashenta tun 15 ga Yunin 2017, amma a yawancin duniya har yanzu kwana biyu a waje da data a kunne na iya cinye abin da ya fi kuɗin wata.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Kafin komai zan buɗe saitin wayata in ga gigabait nawa na ci a watan jiya, da manhajar da ta fi ci, don yawancin mutane hasashe kawai suke yi. Sannan in sayi mafi ƙanƙantar ƙunshi a kowane layi, in gwada su mako guda a wuraren da nake rayuwa: ɗakin kwana, wurin aiki, hanyar da nake bi. Don auna gudun layi, Speedtest na kamfanin Ookla ko Fast.com sun isa. A gwada da safe, a kuma gwada tsakanin ƙarfe takwas da goma na dare lokacin da kowa ke kan waya, lambar daren ita ce ta gaskiya. Amma a yi hattara, gwajin kansa data yake sha, a layi mai gudun gaske gwaji ɗaya na iya lashe megabait ɗari biyu ko fiye. Gani ya kori ji, taswirar sabis da ke shafin kamfani ba ta san kaurin bangon ɗakinka ba.

Ba zan sake ce maka "ya danganta" ba. In abin da kake ci a wata bai wuce gigabait 12 zuwa 15 ba, kuma 5G ɗin na shiga har ɗakinka, ɗauki na farko, ka shiga manhajojin bidiyo ka rage ingancin hoto da hannunka, ka kuma hana layin taɓa kuɗin kira in data ta ƙare. In kana wuce 20, ko kana raba wa iyali, ko layin ne intanet ɗin gidan gaba ɗaya, ɗauki na biyu, muddin iyakar da suke ɓoyewa ta ninka abin da kake ci kuma ya riƙe megabit 10 da daddare. Daga yadda ka ce yaranka da wayarka suke kallon karatu, ina kyautata zaton kana cikin kashi na biyu.

In ka samo lambar da suke fara rage gudu a kanta, ka kawo mini ita a zama na gaba mu ƙarasa lissafin tare.

Wassalam, naka.