Roƙon Tallafi: A Taimaka Mu Samar wa Yaranmu Ɗakin Zane da Aikin Hannu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, tsofaffin ɗalibai, 'yan kasuwa da masu sana'a na wannan unguwa, kwamitin iyaye da malamai na makarantarmu ta firamare ne ke miƙo ƙoƙon bararsa gare ku. Muna so mu gyara aji guda ya zama ɗakin zane da aikin hannu, mu kuma zuba masa kayan da za su ishi yara shekarar karatu guda.

Darasin fasaha da al'adu yana cikin manhajar firamare ta ƙasa, yana kuma cikin jadawalinmu. Amma in babu takarda babu kala, sai malami ya rubuta ma'anar launi a allo, yara su kwafa, a yi jarrabawa. Yaro zai iya cin maki a kan launuka alhali bai taɓa haɗa shuɗi da ruwan ɗorawa ya ga kore ya fito ba. Wannan ya dame mu ƙwarai.

Wasu suna ɗaukar zane wasa ne, shi ya sa za mu ɗan tsaya a nan. Kafin yaro ya iya rubuta harafi, na boko ko na Larabci, sai hannunsa ya iya layi a tsaye, layi a kwance, da'ira da kusurwa. Galibi yaro yana kwaikwayon da'ira wajen shekara 3, murabba'i tsakanin 4 da 5, mai kusurwa uku kuwa sai wajen 5 zuwa 6. In aka tsallake wannan mataki aka ɗora shi kan cika shafi da haruffa, sai ya damƙe fensir da dukan hannu, ya danna har takarda ta huje, ya gaji da wuri, a ce masa malalaci. Murza yumɓu, yaga takarda, yanka da almakashi da zane a jikin bango su ne ke ƙarfafa yatsu da wuyan hannu. Shi ya sa ma ake kakkarya kirayon gajeru ga 'yan aji ɗaya: guntu ba ya riƙuwa sai da yatsu uku, riƙon da ake so ke nan.

Ido ma yana koyo. Yaron da aka ajiye wa ganyen darbejiya da na mangwaro ya zana su dole ya lura da jijiyoyi da bakin kowanne, kuma irin wannan lura ce darasin kimiyya ke nema. Wanda ya ƙirga zanen hula ko saƙar faifai, ja biyu baƙi ɗaya, ja biyu baƙi ɗaya, ya shiga lissafi tun kafin a kira masa sunansa. A lokacin zane ne kuma malami kan gano yaron da ke manna fuska da takarda don ba ya gani sosai, ko wanda ba ya rarrabe ja da kore, a sanar da iyayensa su kai shi a duba.

Ga iyayen da ke da damuwa kan zanen abu mai rai, mun tsara aikin a kan zayyana irin ta allon sauka, kyautata rubutun hannu, tsirrai, gine-gine, taswira, dagi da sauran adon bangon gidajen Hausa, rini, saƙa da ginin yumɓu. Duk namu ne. Marinar Ƙofar Mata a Kano har yau tana rini da baba, hoton Ladi Kwali maginiyar tukwane yana bayan takardar naira 20, sashen fasahar zane na Jami'ar Ahmadu Bello kuma yana nan a Zariya ga wanda Allah ya nufa ya yi nisa.

Babbar buƙata takarda ce. Aji mai yara 60, kowa takarda biyu a mako, mako 12 na zango, ya kama 1,440, wato kusan rim uku tunda kowane rim 500 ne. Aji shida rim 18 ke nan a zango. Ba sai sabuwa ba: takardar ofis da aka buga gefe guda tana yi, muddin babu sirrin kowa a jiki, haka tsofaffin kalanda da kwalayen kanti. Sai fensir, kirayon mai kauri, alli mai kala, burushi 60, almakashi 30 mai dakushasshen baki, wasu daga ciki na bahago, da abin fiƙe fensir, domin ba ma son ganin reza a hannun yaro.

Sayen kaya bai kai adana su wuya ba, kuma a nan ne irin wannan ƙoƙari ya fi lalacewa. Ajin kwano marar silin yakan narkar da kirayon a bazara. Gara tana cinye takardar da aka jibge a ƙasa. Iskar hunturu tana busar da fentin ruwa in murfinsa bai rufu ba, burushin da aka bari tsaye cikin ruwa kuma gashinsa ya lanƙwashe, shi ke nan ya tashi aiki. Don haka muke roƙon silin, kabad na ƙarfe mai makulli da za a ɗora kan bulo, gajerun tebura shida masu faɗi, da duro mai famfo na wanke hannu. Za a kuma shafe ƙasan bango guda da baƙin fentin allo, tsayin mita ɗaya, inda hannun ƙaramin yaro zai kai.

Fenti kuwa da yawansa a nan za a haɗa. Ana jiƙa ƙaro awo ɗaya cikin ruwa awo biyu ya kwana, a tace da tsumma, sannan a dama da jar ƙasa, farar ƙasa ko garin gawayi da aka tankaɗe. In ƙaron ya yi yawa fentin zai tsattsage bayan ya bushe, in ya yi kaɗan zai goge a hannu. Karan dafi yana ba da ja, gangamau ruwan ɗorawa. Gam na sitacin rogo a dafa na yini ɗaya kawai, don yana tsami ya jawo tururuwa da kyankyaso. Yumɓu kuma sai an tsince tsakuwa, an jiƙa, an cuɗa da ɗan dakakken tsingaro har iska ta fita, a shanya a inuwa. Wanda aka shanya a rana tsagewa yake, wanda iska ta maƙale a ciki ko bai gama bushewa ba yana iya fashewa a wuta. Mai mudun ƙaro ko buhun yumɓu mai kyau, ya san gudummawarsa babba ce a wurinmu.

Muna roƙo kada a kawo ragowar fentin mai na gida ko na mota. Sai da kananzir ko fetur yake wankuwa, wani ma yana ɗauke da dalma, ga shi yara suna kai hannu baki.

Masu ɗinkin hula, maginan tukwane, marina, dukawa, masu zayyana, don Allah ku ba mu awa ɗaya a zango, ku zauna da yara su ga yadda hannu ke aiki. Kafintoci da masu walda, in an samu katako da ƙarfe, aikinku muke nema a kan sauƙi. Iyaye mata, tsofaffin riguna manya da yara za su ɗora kan yunifom suna da amfani.

Ana karɓar kuɗi ko kaya a ofishin shugaban makaranta a ranakun karatu, hannun ma'ajin kwamiti, kuma kada kowa ya tafi bai karɓi rasit ba, ko da fensir ɗaya ya kawo. Za a fara da silin da kabad, don kada kaya su iso babu wurin ajiya. A taron iyaye na ƙarshen zango za a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, a manna a allon sanarwa, a kuma baje aikin yaran kowa ya gani.

Allah Ya saka da alheri, Ya sa a mizani, Ya raya mana zuri'a.

Kwamitin Iyaye da Malamai