A Ba Yaran Gudun Hijira Littafin Rubuta Rayuwarsu, Amma a Kiyaye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin jan hankalin malamai da masu aikin agaji da ke kula da yaran da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, a Anka, Zurmi, Shinkafi da nan Gusau. Yaron da ya kwana a daji yana tafe da magana a cikinsa. Littafin da zai riƙa rubuta abin da ya wakana kullum yana sauke masa nauyi, amma in an yi ganganci zai iya jawo wa gidansu bala'i.

Kayan ba su da yawa: littafi mai falle 40, fensir biyu, abin fiƙe da leda mai kauri. Fensir ya fi biro, domin in ɗaki ya yi yoyo da damina tawada takan baje. A naɗe littafin a leda a rataye, kada a ajiye ƙarƙashin tabarma, gara za ta cinye. Minti 15 bayan la'asar ya isa.

Tun sace ɗalibai mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da rufe makarantun da ya biyo baya, karatun yara da yawa ya koma baya. Don haka wanda bokonsa bai nuna ba ya yi da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya yi zane.

Kuskuren da ya fi damunmu shi ne babba ya ce wa yaro, “Rubuta ranar da aka kawo muku hari.” Sai a ga yaro ya daina magana, yana firgita cikin barci, wani ma fitsarin kwance ya dawo masa. A fara da abin da ke gabansa: kwanan wata, me aka ci yau, nawa Inna ta sayo tiyar gero, wa ya yi wasa da shi, wace akuya yake kewa. Ranar da ya shirya, da kansa zai kai ga wancan daren. Kuma kada malam ya sa jan biro yana gyara ƙa'idar rubutu. Daga ranar yaro zai koma rubuta abin da malam ke son gani.

Sai batun suna, wanda nan ne rai yake. Kada a rubuta sunan wanda ake zargi infoma ne, ko ɗan sa-kai, ko inda askarawa, wato jami'an tsaron al'umma, ke kwana, ko wanda ya kai kuɗin fansa da nawa aka kai. Littafi na iya faɗawa hannun kowa a kan hanya. A koya wa yaro sunayen aro. Anne Frank, yarinya Bayahudiya da ta ɓuya wa 'yan Nazi, wadda ta rubuta zamanta a maɓoya a Amsterdam daga 1942 zuwa 1944, ita ma da ta zo sake rubutun nata sai da ta tsara wa mutanen gidan sunayen aro.

Littafin na yaro ne. Ba a karantawa sai da yardarsa, ba a ɗaukar hotonsa a sa a Facebook domin neman tallafi. In firgitar ta wuce wata guda ba sauƙi, a ajiye rubutun a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

Wassalam.

Daga wasu malaman firamare,
Gusau, Jihar Zamfara.